Manhajar da ke Gaishe da Inna

Kwamfuta, jaka ɗaya, atamfa, da maganin hawan jinin Inna. Abin da Ja'afaru ya riƙo ke nan a bayan acaɓa, suna kutsawa lungun Ƙofar Dumi. Bai gaya wa kowa zai dawo ba.

Tun da aiki ya sha masa kai a Turai, ya haɗa manhajar da ke gaishe da mahaifiyarsa kowace safiya da muryarsa, ta kuma amsa saƙonninta. Shi kam ya daina buɗe saƙonnin.

Ƙanwarsa Sauda ce ta tare shi a zaure. Ko sannu da zuwa babu.

"Ina Inna?"

"Tun kafin azumi aka kai ta makwancinta, Yaya. Da wayarta na sanar da kai."

"Wallahi ban ji ba."

"Ka ji mana. Har ka amsa."

Ta danna wayar. Muryarsa ta cika zauren, har da 'yar dariyarsa: "Madalla, Inna! Haka nake son ji. Sai gobe."

"A gaban 'yan zaman makoki na kunna," in ji Sauda.

Ta shige, ta rufe ƙofa, ta sa sakata. Daga ciki ta ce, "Muryar nan har yau tana gaishe da Inna. Muryar zan bari a gidan nan, ba kai ba."