Sunan da Burtali Ya Haifar

Gyara zama, Malam, tunda ka tambayi yadda suna ke bin gida. Lokacin da nake aiki a asibitin dabbobi na zauna da wani likita Baturen Ingila, sunan gidansu Makepeace. Ya ce ko a ƙasarsu masu wannan suna ba su da yawa, ma'anarsa kuwa mai sulhu. Da na nemi jin asali, sai ya ba ni labarin da ya ji daga bakin kakarsa.

Wai a can da, a ƙauyensu, an yi wani makiyayin tumaki da wani mai gonar alkama waɗanda ba sa ga maciji. Hanyar rafi guda ce, ta gefen alkamar ta bi, kullum sai tumaki sun yi ɓarna. Rikici ya yi tsanani har aka fasa wa ɗan makiyayin kai, dangi suka fara wasa gatura. To, akwai wani manomi maƙwabcinsu mai 'yar ƙaramar gona da ta gangara har bakin ruwa. Bai tara kowa ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Lauje ya ɗauka, ya yanke sha'irinsa tun bai nuna ba, ya fitar da burtali daga tudu har rafi, ya kafa shinge dama da hagu. Matarsa ta ce, "Maigida, me za mu ci in sanyi ya shigo?" Ya ce, "Yunwa tana wucewa, jini kuwa in ya zuba ba ya kwasuwa."

Sun ji jiki a wannan shekara, har saniyarsu ɗaya tilo suka sayar. Amma tumaki suka bi sabuwar hanya, kunya ta kama masu faɗan, kowa ya mayar da gatarinsa ɗaki. Daga nan duk inda manomin ya gifta sai a ce ga mai sulhu. Laƙabin ya danne sunansa na yanka, ya bi 'ya'yansa, ya bi jikoki. Yau babu wanda ya san inda kabarinsa yake, gonar ma ta daɗe da fita hannunsu, amma jininsa ko teku suka ƙetare da wannan suna ake kiransu.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.