Zumar Murhu

Kai da kake son a koya maka komai a zama ɗaya, ji wannan. An yi wani mai sayar da zuma, shekara arba'in mutanen ƙauye na kawo masa kaya yana tantancewa da harshensa, bai taɓa sayar wa kowa algus ba. Sai ga ciwon suga, likita ya ce ko ɗigo kada ya ƙara kaiwa baki. Ga kakar zuma ta ƙarato, ga rumfa babu harshe. Ya kira babban ɗansa, magidanci da gemunsa, ya zaunar da shi gaban ƙoƙuna huɗu, da tsinke, da moɗar ruwa. Uku zuma ce ta gaskiya: ta furen ɗorawa, ta kaɗanya, da wata mai ɗan ɗaci-ɗaci daga dajin darbejiya. Ta huɗu kuwa suga ce da uwargidansa ta dafa da hantsi har ta yi ja. Ya yi masa bayani dalla-dalla: a fara shinshinawa, a ɗiga ɗigo ɗaya a harshe, a yi shiru har zaƙin ya wuce a ji abin da ya bari a maƙogwaro, sannan a kurkure baki kafin a taɓa ta gaba. In ya gane ta jabu, mabuɗin rumfa nasa ne a ranar.

Ina! Ai kunnen gogan naka tuni yana wajen mabuɗi. Ya ture tsinke ya jawo ludayi, ya bi ƙoƙunan nan yana kurɓa kamar mai shan koko a tasha, moɗar ruwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Tsoho na zaune yana haɗiyar yawu da takaici, abin da aka hana shi ɗigo ga ɗansa yana wanka da shi har gemu. Kafin ya ce a dakata an gama. Ɗan ya ɗaga ƙoƙo na huɗu yana lasar leɓe, ya ce, "Baba, wannan ita ce zuma! Daga wane daji aka samo ta?" Tsohon ya dube shi, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce, "Daga dajin murhun uwarka." Ya mayar da mabuɗi aljihu. A shekarar mutanen ƙauye suka zo da jarkokinsu suka tarar da rumfa a garƙame, don ya ce gara a ce ya rufe da a ce ya sayar da suga. Ɗan kuwa, wanda ya kasa jiran ɗigo ɗaya ya narke, wata goma sha biyu ya yi a zaure da tsinke a hannu, yana jiran kakar baɗi.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.