Sakamakon Gwajin Hashim

Karo na goma sha ɗaya ke nan tun safe Na'ima take kiran lambar mijinta, murya ɗaya ce ke amsa mata da Larabci, wai wayar a kashe take. Yau kwana uku.

Hutun yara suka je Alƙahira, ita da Hashim da 'ya'yansu biyu. Ita ta zaɓi garin, don ta duba yayanta Umair da ya yi wata huɗu a can ana yi masa wankin ƙoda. Da ta ga yadda ya rame ya yi baƙi, sai ta sa aka gwada jininta, aka ce ƙodarta za ta yi masa. Hashim ya ce bai yarda ba, mace da goyon da ko yaye shi ba a yi ba.

Ta yi kuka, ta yi magiya, bai sauya ba. Sai ma ya tsiri fita kullum da sassafe, wai yana duba abayoyin da zai saro wa shagonsa na Kantin Kwari, ya dawo bayan La'asar a gajiye. Na'ima ta san Umair ne ya fi kowa ƙin aurensu, shekara bakwai gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta dubi mijinta ta ce, “Tsohuwar gaba kake ramawa a kan marar lafiya.”

Ana jibi za su taso aka yi musu gwajin korona. Shi ya je karɓo sakamako. Da ya dawo otal ɗin da suka sauka bai shigo ɗakin ba, ta ƙasan ƙofa ya turo takardu uku.

“Kada ki buɗe,” ya ce. “Ku lafiyarku lau. Ni an same ni da ita. Ki tafi da yara, zan biyo ku.”

Fushin bai sauka ba tukuna. “Allah ya sawwaƙe” kawai ta ce masa ta bayan ƙofa, ta ci gaba da haɗa kaya.

Da ta dawo gidansu a unguwar Mandawari fushin ya narke, tsoro ya maye gurbinsa. Kullum bayan Azahar yake kira, murya kawai, ya ƙi yarda ta ga fuskarsa. Ba ya tari, sai tambayar ko Ikram ta koma makaranta, ko Ikrima yana cin abinci. Rana ta shida ya gaya mata inda takardun gida suke, sannan ya ce, “Na'ima, ki yafe mini. Gobe za a mayar da ni wani wuri, ƙila ki ji ni shiru.”

Daga nan wayar ta mutu.

Mahaifiyarsa Nana Hauwa na shigowa safe da yamma tana dogara sanda, ta tambayi ya jikin Hashim. Na'ima ta ce da sauƙi, ta shige banɗaki ta toshe baki da mayafi. Ta kira Zaituna, matar Umair, ta roƙe ta ta leƙa otal ɗin. Zaituna ta ce tana asibiti, za ta kira ta, ta katse cikin sauri. Ba ta kira ba.

Na'ima ta ƙulle 'yan kunnenta da awarwaronta na zinari a gefen zani za ta sayar ta koma. Mai yi musu takardun tafiya ya ce biza sai bayan mako biyu. Ta durƙusa masa a gaban mutane, ya ce, “Hajiya, wallahi ba a hannuna take ba.”

Daga can ta wuce Jakara gidan Malama Rabi'atu, wadda ke koyar da Larabci. Malama ta kira otal ɗin. Aka ce Hashim ya bar wurin tun ranar da iyalinsa suka tafi. Ta kira ɗakin gwajin da lambarsa ke jikin takardar Na'ima, ta yi ta roƙo har aka duba. Ta sauke wayar a hankali.

“Sun ce mutum huɗu aka gwada. Duk huɗun babu mai ita.”

Na'ima ta fito ba ta ko yi sallama ba. Lungunan da ta tashi a cikinsu suka rikice mata, sau biyu tana shiga inda ba ya ɓullewa. Ƙarya ya yi mata. To gudu ya yi? Maganarta ce ta kore shi? In gudu ne, me ya sa ya nemi yafiya da muryar mai bankwana? Me za ta ce wa tsohuwar da ke jiranta a tsakar gida?

Tana isa ƙofar gida wayar ta yi ƙara. Zaituna ce, tana kuka tana dariya.

“An yi wa yayanki aiki shekaranjiya. An samu ƙoda, ta kama aiki, yau har ya sha kunu!”

Na'ima ta zauna a kan dakali. Ta ce alhamdulillahi, amma muryar ba tata ba ce.

“Zaituna, Hashim ya ɓata. Ba shi da korona, ba ya otal, ban san ko yana raye ba.”

Zaituna ta ja numfashi.

“Rantsar da ni ya yi kada in gaya miki sai an gama, ya san ba za ki hau jirgin ba. Bari in kai masa wayar, yana ɗakin da ke kusa da na yayanki. Amma kada ki sa shi kuka, ɗinkin bai kame ba. Ƙodarsa ce.”