Kukan Birki a Gangare

Marlys Haugen ta tura ƙofar shagon kayan mota da ƙafa, ta shiga da ƙanƙara a takalminta, ko kakkaɓewa ba ta yi ba.

"Takalman birki na gaba nake so, da faya-fayan da suke kamawa. Hagu da dama."

Mai shagon, Dwayne, ƙato ne mai furfura a gemu. Ya ajiye kofinsa ya jawo kwamfuta. "Wace mota, Mama? Shekararta da girman injin?"

"Corolla ce ruwan toka, fitilar hagu a fashe. Inji kuma ina ruwana da shi?" Ta karanto masa lambar motar da ka, ba gargada. Ya buga, bayanin ya fito.

Wata uku ke nan motar tana kuka. Da fari ƙara ce siririya, irin wadda aka yi domin ta gargaɗi mai hankali. Yanzu ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe. Gangaren titin garin Duluth kuwa ba ya wasa da kowa, balle a watan Janairu, kuma kullum ƙarfe bakwai da minti arba'in mai motar yake gangarowa zuwa aiki, kofi a hannu ɗaya, sitiyari a ɗayan. Ran Litinin motar ta zarce inda ya kamata ta tsaya da taku biyu. Yau da taku huɗu. Ba sai an shiga aji ba kafin a san inda lissafin nan zai ƙare: wata rana za ta bi ta kan mutum.

Sau uku Marlys tana yi masa magana. Na farko ya yi murmushi. Na biyu ya ce sai an yi albashi. Na uku ya ƙara sautin rediyo. Namiji da gemunsa, mai waya mai tsada da sabuwar hula, amma abin da zai tsayar da mota ne ya fi ƙarfinsa!

Dwayne ya jera kwalaye uku a kan kanta. "Wannan mai araha ne. Wannan na tangaran, shi 'yan zuwa aiki suka fi saye, ba ƙara, ba ya baƙanta ƙafar mota."

"Tayar zan ci? Wanne ne yake cizo da sassafe, mota ba ta ko ɗumama ba?"

"Na ukun, mai haɗin ƙarfe. Amma fa yana da 'yar ƙara, kuma yana cin faifai."

"Ya ci. Shirun me zan yi da shi? Gara in ji zuwansa."

Ya ɗauko wani faifai mai huji-huji yana walƙiya. Ta ture shi da bayan hannu.

"Kai malam, rariya na zo saye? Gishirin da suke zuba wa titi don narkar da ƙanƙara zai cika ramukan nan da tsatsa kafin bazara. Ba ni sumul, mai shafin hana tsatsa."

Dwayne ya kalle ta da sabon ido. Ya shiga ciki ya fito da kwalaye biyu masu nauyin dutsen niƙa. "Ɗanki ne ya ɓata miki rai haka?"

"Da nawa ne, da tun Nuwamba makullin yana aljihuna."

"To suruki ke nan," in ji shi yana dariya. "Nawa ma sai taya ta fita yake tuna akwai bakanike."

Ba ta taya shi dariyar ba. Ta biya da kuɗin da ta ware na sabuwar rigar sanyi, ta hana shi ɗaukar mata kayan, ta fice.

Washegari ta ɗaure kwalayen a kan katakon da jikarta take wasan sulu da shi, ta ja shi a kan ƙanƙara har gindin gangaren. Iska tana yankan kunne. Bakwai da arba'in daidai gurzar ta taso daga sama tun kafin a hango motar. Marlys ta shiga gabanta ta tsaya ƙyam. Motar ta zo tana ja da gindi, tana ihu, ba ta tsaya ba sai da hancinta ya taɓa gefen rigar matar.

Ta buɗe ƙofar gefe, ta jibga kwalayen a kujera ɗaya bayan ɗaya. Kofi ya zube wa mai motar a cinya.

"Akwai takarda a ciki. Garejin Arvid, ƙanen mijina, Asabar ƙarfe tara, ba zai karɓi ko sisinka ba. Idan na sake jin kukan nan ran Litinin, wallahi da gatari zan zo."

Mutumin ya dubi kwalayen, ya dube ta, bakinsa a buɗe. "Baiwar Allah, ni fa ko sunanki ban sani ba."

"Ni ma ban san naka ba, kuma ba na so."

Ta maka ƙofar. Ta koma tsakiyar titi, ta ɗaga jan allonta na tsayar da motoci kamar yadda take yi kowace safiya shekara goma sha huɗu, sannan ta yafuto 'yan firamare goma sha ɗaya da ke jira a bakin hanya su tsallaka.