Kujerar 'Yan Dubiya

Kai da kake cewa mai kuɗi ba ya bukatar kowa, gyara zama ka ji. An yi wani bafatake mai sayen duwatsun ado, mutum mai tsantseni har ya yi yawa, irin wanda ke fita da lema tun hadari bai haɗu ba. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da garinsu. Suna, biki, ta'aziyya, sai dai ya aika saƙo ta waya, daga baya saƙon ma ya ɗauke. Fatauci ya kai shi wata ƙasa can gabas, inda ake tuƙi ta hannun hagu. Da zai yi hayar babur don zagaya ƙauyukan masu haƙar dutse, sai ya sayi inshora mafi tsada, wadda ta ɗauki gyaran babur da kuɗin asibiti, har da tikitin jirgin ɗan'uwa guda da zai zo jinya in tsautsayi ya auku. Ya karance takardar tas, ya ninke, a ransa ya gama da duniya.

Kwana uku da haka, a wani shataletale, hannunsa ya tuna tuƙin gida ya karkata dama, motar kaya ta kwashe shi. Ya farfaɗo a asibiti da karaya a cinya. Inshora kam ba ta ci amana ba. Ta biya babur, ta biya likita, ta ba shi ɗaki shi kaɗai, da kujera mai laushi a gefen gado domin 'yan dubiya. Sai ma'aikaciyar kamfanin ta tambaye shi wa za a aika wa tikitin. Ya ba da lambar yayansa, layin ya daɗe da mutuwa. Ya ba da ta ƙanwarsa, wani baƙo ya ɗauka ya ce bai san ta ba. Ya kira abokin ƙuruciyarsa, sai da ya faɗi sunansa sau biyu kafin wancan ya ce, "Ayya, Allah ya sawwaƙe," ya kashe. Mako shida yana kwance, yana jin mutane na wucewa ta bakin ƙofarsa da kwanukan abinci zuwa wasu ɗakuna, suna hira da yaren da ba ya ji. Ko "sannu, ya jiki?" bai samu ba. Kaɗaici ya ci shi fiye da karayar. Ranar da aka sallame shi, ya juya ya dubi kujerar nan, ba wanda ya taɓa zama a kanta sai jakarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.