Mutum-mutumin da Ya Ƙi Sauri

Ana busa usur, mutum-mutumin kowace makaranta ya fice a guje da bulonsa a ka, na makarantar su Auta kuwa ya kama tafiyar hawainiya. Ɗakin gasar ya kwashe da dariya.

Auta, wadda aka ba aikin ɗaura giyoyin da ke juya tayoyi, ta sunkuya ta leƙa, sai ta gano matsalar. Sun yanke shawarar babbar giya a kan inji, ƙaramar a kan taya, don a samu gudu. Ita kuwa, cikin gaggawa, ta ɗaura su a juye.

"Kin kashe mu!" in ji kyaftin ɗinsu. Shi da sauran suka nuna ta da yatsa, har da yayanta.

Sai aka iso tudun katakon da ke gab da layin ƙarshe. Na gaba ya kai rabi, injinsa ya yi ta kuka, ya silalo baya. Na biyu ya kife, tayoyi a sama. Nasu ya iso a makare, ya hau a natse kamar dattijo a matakalar gidansa, bulon ko motsi bai yi ba.

Alƙaliyar gasar ta zo da kofi tana murmushi. "Kun bar gudu kun zaɓi ƙarfi. Dabarar wa ce?"

Yatsun da suka nuna Auta ɗazu suka tashi sama a tare, kowa na neman a ce tasa ce.

Auta ta karɓi kofin, ta rungume. "Yaya, ku sauke yatsun nan su huta," in ji ta. "Yau sun sha aiki."