Hoton da Asama'u Ta Ba da Akuya

Asama'u ta ɗaura wa akuyar igiya a wuya, ta ja ta har gindin ɗorawar da Badaru ya shimfiɗa buzunsa. Akuyar nan kaɗai ce dabbar da ta rage a gidan. Shekarar ce da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, mutane suka koma bin layin shinkafa a Minjibir, sojoji na tsaye a kansu da bulala.

Badaru bai ko dubi akuyar ba. Wata uku da suka wuce maigadi ne a makarantar kwana ta bakin titi. Sai aka ji ya yi mafarki, ya ajiye aiki, ya naɗa rawani. Yanzu shi ne wakilin wani Shehu na ƙasashen gabas, wanda ba a kama sunansa sai da alwala. Hoton Shehun yake rabawa, wai duk inda aka rataye shi ruwan sama zai sauka. Bai taɓa cewa sayarwa yake yi ba. Tukwici ake bayarwa, amma tukwicin ba ya kasa akuya.

Ya zaro guda daga cikin kwali, ya miƙa mata da hannu biyu. Dattijo ne mai farin gemu har ƙirji, da dogon carbi a wuya, da baƙin tabo a tsakiyar goshi.

"Kin gani, Inna?" in ji Badaru. "Tsabar sujada ce ta ci wurin nan."

Takardar mai sheƙi ce, da 'yar huda a sama, ƙasanta kuma a yanke tsaf kamar da reza. A gefe akwai wani rubutu da ya rataye a jikin layi kamar wanki a igiya. Badaru ya ce rubutun waliyyai ne, ba a koyar da shi a allo.

Asama'u ta kafa ƙusa a bangon ɗakinta ta rataye shi. Kullum da hantsi sai ta share gabansa, ta kunna turaren tsinke, ta ajiye ƙoƙon ruwa a ƙarƙashinsa don masu zazzaɓi. Malam Abdussalam, limamin ƙauyen, ya faɗa mata ido da ido cewa wannan ba addini ba ne. Ta ce hassada ce ke cinsa. Ruwa bai sauka ba. Ta ce dole ne, tunda akwai ƙazanta a gidan.

Ƙazantar da take nufi ita ce Barira, matar ɗanta Sama'ilu. Barira tana shara da wanki a gidan wani malami Ba'indiye a cikin makarantar. Matar gidan kan ba ta shinkafa da man gyaɗa, kuma da su baki bakwai ke rayuwa. Asama'u tana cin shinkafar, tana zagin wadda ta kawo ta.

Barira ce ta jawo wa kanta. Wata rana ta ba da labarin kusurwar ɗakin matar: 'yan mutum-mutumi na tagulla, da fitilar mai, da ƙararrawa, da furanni, har da alewa a faranti. Ta ce sama da su akwai wata ƙusa da ba a rataya komai a jikinta ba.

Asama'u ta tofar da yawu. "Ki share gaban gumaka, ki zo ki tuƙa mana tuwo da hannun nan?"

Daga ranar ta hana ta taka ƙofar ɗakin Shehu. Ta raba mata kwano da buta. Sannan ta kira Sama'ilu ta ce kafin Juma'a, ko Barira ta bar aikin, ko ya ba ta takardarta, ko kuma ya nemi wata uwar.

"Inna, to me za mu ci?"

"Ku ci ƙasa."

Ranar Alhamis Barira ta sulale ta tafi aiki, don yaranta tun jiya ba su ci komai ba sai kunun kanwa. Asama'u ta sauke hoton daga bango, ta naɗe shi a ɗankwali mai tsarki, ta cusa a ƙirji don ya tsare ta daga abin da ke gidan can. Ta bi bayan Barira ta cikin gonakin da suka bushe, rana tsaka, gumi yana tsiyaya har zaninta ya jiƙe.

Ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙwala wa Barira kira, har matan sauran malamai suka fito. Barira ta fito da tsintsiya a hannu, ta durƙusa. Bayanta matar gidan ce, siririya, da jan ɗigo a goshi, wuyan hannayenta fayau babu ko zare.

"Ki gaya wa mai gumakan nan kin bar aiki," in ji Asama'u, "ko yau ki kwana gidan ubanki."

Ta warware ɗankwalin, ta ɗaga hoton daidai fuskar matar. "Ke kuma buɗe ido ki ga yadda fuskar masu Allah take!"

Gumi ya riga ya jiƙa takardar. Baƙin goshin Shehu ya narke ya gangaro kan hancinsa kamar tawadar allo, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito ja wur.

Matar ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi magana da guntuwar Hausarta, a hankali, yadda kowa ya ji.

"Mama, ina kin samu wannan? Malamin addininmu ne na Indiya, a da shi nake sa wa fure a ƙusar can. Ya karɓi awarwarona na zinariya, ya ce ɗana zai warke, ɗana ya mutu. Kwali guda na kalandarsa na ba Badaru maigadi, na ce ya je ya ƙona."